401 da 403: yaushe laburarena zai sabunta tokin, yaushe zai haƙura?

ɗan_ƙofar_guga

Assalamu alaikum 'yan uwa. Kwana uku ke nan ina fama da abu guda, na ga gara in kawo shi nan kafin Alhaji ya sake kira na.

Wani Alhaji nake yi wa aiki, mai sarin kayan masarufi a Babbar Kasuwar Katsina, yana da reshe a Mashi da wani a Daura. Manhaja biyu muke da su a Android: ta yaran shago, inda suke shigar da ciniki da bashi, da ta Alhaji, inda yake duba lissafi. Sabar, wato babbar kwamfutar da ke ajiye bayanan tana amsa wa manhajojin, da Django aka rubuta ta tun kafin a ɗauke ni, wanda ya yi ta ya tafi abinshi, ni dai gado na ci. Abin da na rubuta da hannuna shi ne ɗan laburare da Kotlin a kan OkHttp, wanda manhajojin biyu ke bi ta cikinshi su yi magana da sabar.

Da farko na sauƙaƙa wa kaina. Na ce duk amsar sabar da ta dawo da lambar kuskure 401 ko 403, a share tokin (shaidar da sabar ke ba waya bayan an shiga da kalmar sirri), a mayar da mutum shafin shiga. Abin ya tafi lafiya har ranar da yaron Mashi ya shigar da kaya kala goma sha huɗu na wani kwastoma, madara da sukari da taliya da sauransu, yatsanshi ya taɓa maɓallin rahoton riba bisa kuskure. Yara ba su da izinin ganin riba, sabar ta ce 403, laburarena ya yi waje da shi. Kayan da ya jera duk suka tafi. Kalmar sirrin kuma ya manta ta, tana rubuce a littafin da ya baro gida. Kwastoma na tsaye, mai mota na danna oda. Abin da Alhaji ya faɗa mani a waya ba na maimaitawa ba ne.

Sai na juya. Na ce to daga yau ba a korar kowa, duk wanda ya samu 401 ko 403 a sabunta mashi tokin a sake tura buƙatar. An gudu ba a tsira ba. Yanzu abu biyu ke faruwa. Wani lokaci wayar sai ta tsaya tana juyi, can ta fito da "Too many follow-up requests: 21". Wani lokacin kuma da safe, yaro na buɗe manhaja, komai ya ƙi, alhali jiya da yamma lafiya lau ya rufe.

Tambayata: mene ne ainihin aikin laburare idan ya ga waɗannan lambobi biyu? Shi zai kori mutum ko manhaja? Sau nawa ake sake gwadawa? Ina amfani da simplejwt, mai bayar da tokin irin na JWT, a sabar, an kunna ROTATE_REFRESH_TOKENS da BLACKLIST_AFTER_ROTATION (duk sabuntawa a ba da sabon tokin, a soke tsohon), ban taɓa sauran saitin ba.

tsohon_injiniya_kt

Wa alaikumus salam ƙanena. Gyaran gangar Auzinawa ka yi, amma kada ka damu, kusan duk wanda ka gani a nan ya taɓa yin irinshi.

Tushen rikicin sunan da aka laƙaba wa 401 ne. An rubuta mashi Unauthorized, mutum ya ɗauka maganar izini ce, alhali maganar shaida ce. 401 na nufin sabar ba ta gane ka ba: ko ba ka kawo shaida ba, ko wadda ka kawo ta lalace, ko wa'adinta ya cika. 403 kuwa ta ji buƙatarka sarai ta ƙi. Ka je Ƙofar Soro, dogari ya tare ka ya ce kai wane ne, 401 ke nan, ka gabatar da kanka a wuce wurin. In ya san ka ya san ubanka, ya ce nan ciki ba wurin shigarka ba ne, 403 ke nan. Ko sau goma ka koma gida ka sake riga, amsar ba ta canzawa. Ƙa'idar HTTP ta 2022, RFC 9110, ta faɗa ƙarara cewa wanda ya samu 403 bai kamata ya sake tura buƙatar kai tsaye da shaidar da ya riga ya tura ba.

Saboda haka yaron Mashi sabar ba ta yi mashi laifi ba. Abin da ya dace ya gani shi ne ɗan saƙo, "ba ka da izinin duba wannan", ya koma kan madara da sukarinshi.

Yanzu juyin nan da ke ƙarewa da 21. OkHttp na bin buƙata har sau 20 sannan ya sallama, shi ne saƙon da kake gani. Ina kyautata zaton da abokin hulɗa guda, wato OkHttpClient ɗaya, kake tura komai, har da buƙatar sabunta tokin. A simplejwt idan tokin sabuntawa, wanda da shi ake karɓo sabon tokin shiga, ya mutu, adireshin sabuntawar shi ma 401 yake mayarwa. To laburarenka ya ga 401, ya je sabuntawa, ya samu 401, ya ce bari in sabunta, ya sake samun 401. Maciji ya kama wutsiyarshi. Ka ware OkHttpClient na daban don sabuntawa kaɗai, wanda ba ka maƙala mashi Authenticator ba, wato ajin da OkHttp ke kira idan ya ga 401. Sannan cikin Authenticator ɗin ka duba priorResponse, wato amsar da ta gabata. In an riga an sake gwadawa sau ɗaya da sabon tokin aka kuma samun 401, ka mayar da null, wato ka haƙura. Sau ɗaya tak. Akwai 401 da sabuntawa ba ta warkarwa, misali Alhaji ya rufe asusun yaro, simplejwt zai turo maka user_inactive a jikin amsar. Wannan ko shekara za ka yi kana nema ba ƙofa.

Matsalar safiya kuwa, a nan nake so ka natsu. Tokin shiga na simplejwt minti 5 ne in ba a canza ba, na sabuntawa kwana 1. Da safe na shigar ya daɗe da mutuwa. Yaro ya buɗe manhaja, shafin farko ya harba buƙata huɗu ko biyar lokaci guda: jerin kaya, farashi, masu bashi, sanarwa. Dukansu suka dawo da 401. Kowace ta ɗauki tokin sabuntawa guda ɗin nan ta ruga. Ta farko ta isa, aka ba ta sabo, aka jefa tsohon cikin jerin waɗanda aka soke, tunda ka kunna juyawa da sokewa. Ta biyu ta iso da wanda aka soke yanzun nan, aka ce mata bai da amfani. In lambarka na share ajiya idan sabuntawa ta gaza, to ta biyun ce ke share sabon tokin da ta farko ta wahala ta samo.

Maganin shi ne mutum ɗaya ake aika kasuwa. Ka sa kwaɗo a kan aikin sabuntawa, synchronized ko Mutex, duk wanda ya fi maka. Wanda ya riga shiga ya sabunta, sauran su jira a bakin ƙofa. Ga wurin da mutane ke mantawa: duk wanda ya shiga bayan na farko, kafin ya yi komai, ya kwatanta tokin da ke kan buƙatarshi da ta faɗi da tokin da ke ajiye yanzu. In sun bambanta, wani ya riga ya yi aikin, ya ɗauki sabon ya wuce kawai. Ba tare da wannan kwatancin ba kwaɗon bai hana komai ba, layi kawai ka jera su suna sabuntawa ɗaya bayan ɗaya.

Batun kora, ba aikin laburare ba ne. Laburare bai san yaro na tsakiyar ciniki ba, bai san Alhaji na duba lissafi ba. Nashi ya faɗi abin da ya faru da suna bayyananne: zama ya ƙare, ko babu izini, ko an yi yawan buƙata, ko babu sabis. Manhaja ita ta san abin da za ta yi da kowane. Kuma ko zama ya ƙare da gaske, kayan da yaro ya jera su zauna a wayar, ya shiga ya tarar da abinshi.

ɗan_ƙofar_guga

Yaya Allah ya saka da alheri. Wallahi abokin hulɗa guda nake amfani da shi, kamar kana kallon allona. Kuma na duba, lallai ina share ajiya a cikin catch, inda nake kama kuskure, ko wane irin kuskure ne. Tambaya guda ta rage mani: in buƙatar da ta faɗi ta shigar da ciniki ce, na sake tura ta bayan sabuntawa, ba za a rubuta cinikin sau biyu ba? Alhaji ya fi tsoron wannan a kan komai.

tsohon_injiniya_kt

In 401 ce ta dawo, ka sake turawa hankali kwance, ma'anarta ba a aiwatar da buƙatar ba, a bakin ƙofa aka tsayar da ita. Inda ake rubuta ciniki sau biyu shi ne lokacin da ba amsar da ta dawo kwata-kwata, sabis ya ɗauke bayan buƙata ta tafi. A nan ba ka san ko ta isa ba. Ka ba kowane ciniki lamba tashi ta musamman tun daga wayar, sabar ta ƙi karɓar lamba guda sau biyu. Stripe da hedar Idempotency-Key suke yin wannan, kai ma kana iya kwaikwayo.

Catch ɗin nan kuwa ka tsaga shi gida biyu. Sabar ta buɗe baki ta ce tokin sabuntawa bai da amfani, wannan zama ya ƙare. Sabis ya yanke, ko 500, ko 502, wannan ba a ce komai ba tukuna, ka bar tokin inda yake. Hanyar Mashi kaɗai ta isa ta koya maka bambancin.

mai_django_dutsinma

Sannunku da aiki. Malam ya gama magana a kan wayar, ni bari in leƙa ɓangaren sabar, don a nan na sha tawa wahalar.

Ɗan'uwa, kafin ka yarda cewa duk 403 da ka gani na nufin babu izini, buɗe settings.py ka duba DEFAULT_AUTHENTICATION_CLASSES. Django REST Framework na da wata ɗabi'a da ke rikita mutane. Ƙa'ida ta ce 401 dole ta zo da hedar WWW-Authenticate. Shi kuma tsarin yana duba ajin farko a jerin ne don ya san wace heda zai saka. In SessionAuthentication ne a sama, ba shi da hedar da zai bayar, sai a juya amsar ta koma 403, ko da mutumin bai kawo shaida ba sam. Ni na yi sati ina zargin lambar wayata, ashe layi biyu ne za a sauya wa wuri. Ka tabbata JWTAuthentication ne na farko. Tunda sabar a hannunka take, gyara ta a can ya fi ka cika laburare da dabaru.

Na biyu, ba kowace 403 ce ta fito daga Django ba. In akwai Cloudflare ko nginx a gaba, suna iya tare buƙata su mayar da 403 da shafin HTML. Laburare ya je fassara shi a matsayin JSON ya faɗi, mai waya ya ga wani dogon kuskure da ba shi da alaƙa da komai. Duba Content-Type kafin ka fassara, kuma ka ajiye lambar amsar da ɗan guntun jikinta cikin kuskuren da kake jefawa, ranar bincike za ka gode wa kanka.

Kuma tunda laburare kake rubutawa, wata rana za ka haɗa shi da sabar da ba taka ba, to ka sani kowa da halinshi. Masu bin OAuth 2.0 sak, idan tokin sabuntawa ya mutu 400 suke mayarwa da invalid_grant, ba 401 irin ta simplejwt ba. RFC 6750 ta 2012 ta tsara invalid_token ya tafi da 401, insufficient_scope ya tafi da 403, kuma cikin hedar WWW-Authenticate ake rubuta su. GitHub kuwa in ka nemi ma'ajiyar sirri da ba ka da izininta 404 yake ba ka, don kada ma ka san akwai ta, kuma in ka wuce iyakar buƙatu yana iya ba ka 403 ko 429. Abin da nake yi shi ne in ware aji guda ƙarami wanda aikinshi kawai ya karɓi amsa ya faɗi nau'in kuskurenta. Sabar ta canza, shi kaɗai nake taɓawa.

Wani abu da ban ga an ambata ba: ɓoye maɓallin rahoton riba daga manhajar yara. Ba don tsaro ba, tsaro na sabar ne kuma ta yi aikinta. Don dai kada a ajiye wa yaro ƙofar da ba za ta taɓa buɗe mashi ba.

sarkin_gajeriyar_hanya

Ni fa ina ganin kun ɗauki abin da nisa. Shago uku ne da yara ba su fi goma ba, ba banki ba. Ka mayar da ACCESS_TOKEN_LIFETIME kwana 90, ka kashe juyawar nan, ka kwanta ka yi barcinka. Ni haka na yi wa wani mai kemis kuma har yau bai kira ni ba.

mai_django_dutsinma

Malam, bai kira ka ba tukuna dai. Wayar shago a kan tebur take kwana, hannu nawa ke taɓa ta a yini? JWT ba a kiran shi ya dawo da sauƙi, in an sa hannu an bayar yana nan da rai har wa'adinshi. Ranar da aka sace wayar, ko tokin ya fita ta hoton allo, wata uku wanda ya same shi zai yi yana karanta sunayen masu bashi da lambobinsu. Za ka ce a rufe asusun yaron, to an rufe, shi kuma yaron da bai yi laifi ba da me zai yi ciniki? Na yarda minti 5 na iya yin kaɗan ga wurin da sabis ke wahala, a kai shi 15 ko 30 ba laifi. Abin da ya fi dacewa a tsawaita shi ne na sabuntawa. Kwana 1 na nufin yaron da bai buɗe manhaja ba ranar hutunshi, washegari sai ya nemo littafin kalmar sirri.

sarkin_gajeriyar_hanya

To Hajiya na ji. Na sabuntawar dai a tsawaita, a nan mun haɗu.

bakin_kusugu

Gaisuwa daga Daura. Ban kai su Malam sani ba, gyaran waya ne sana'ata, rubuta manhaja da dare nake koyo. Amma akwai abin da nake gani kullum a teburina da zai iya shafarka, tunda ka ce kuna da reshe a nan.

Agogon waya. Yawancin ƙananan wayoyin da ake saya wa yaran shago, in batir ya mutu ƙurmus aka kunna, sai ka ga kwanan wata ya koma shekarun baya. Wasu kuma da gangan suke kashe saitin lokaci na kai tsaye, su tura agogo gaba da minti goma don kada su makara sallah. In laburarenka na buɗe tokin ya karanta exp, wato lokacin ƙarewarshi, ya gwada da agogon wayar don ya san ko ya mutu, to ka dogara da abin da ba shi da tabbas. Exp daƙiƙoƙi ne da ake ƙirgawa daga 1 ga Janairu 1970 a lokacin UTC, sabar da nata agogon ta rubuta shi. Wayar da ke gaba da minti goma za ta ga tokin minti 5 ya mutu tun kafin a haife shi, ta yi ta sabuntawa a kowace buƙata. Na taɓa yin wannan a wata 'yar manhajar gwaji, data ta ƙare ban san inda ta tafi ba.

Abin da na koma yi, ina karanta hedar Date da sabar ke turowa, in lissafa tazarar da ke tsakaninta da agogon wayar, in riƙa gyara lissafina da ita. Amma ko da hakan, hukuncin ƙarshe na sabar ne. In ta ce 401 to ya mutu, ko agogona ya ce da saura.

In kuwa agogon ya koma baya da shekaru, ba za ka ma ga 401 ba. Takardar shaidar HTTPS ce za ta ƙi karɓuwa, don a ganin wayar ranar fara aikinta ba ta zo ba. Wannan ka ba shi saƙonshi daban, "duba kwanan watan wayarka". Sau da yawa an kawo mani waya an ce intanet ta lalace, minti ɗaya na gyara agogo na miƙa, har kunyar karɓar kuɗi nake ji.

Sai roƙo guda. Yaran nan in abu ya faɗi hoton allo suke ɗauka su tura WhatsApp, wani lokacin cikin zauren da ke da mutum hamsin. Kada tokin ya fito cikin saƙon kuskure. In kana amfani da HttpLoggingInterceptor ka kira redactHeader a kan Authorization. JWT ba a rufe yake ba, base64 ne kawai, kowa na iya warware shi ya karanta.

ɗan_ƙofar_guga

Na dawo da rahoto. Hajiya, kin yi gaskiya, SessionAuthentication ne a sama, wanda ya rubuta sabar ya bar shi don yana gwaji ta burauza. Ashe rabin 403 da nake gani 401 ce ta sa rigar wani. Na sauya masu wuri.

Na ware abokin hulɗa na sabuntawa, na sa Mutex da kwatancin da Yaya ya ce, sake gwadawa sau ɗaya. Laburare yanzu kuskure biyar yake jefawa: ZamaYaKare, BabuIzini, AnYiYawa, BabuSabis, da AgogoBaDaidaiBa saboda ɗan'uwanmu na Daura. Ba ya share komai sai a na farkon, shi ma tokin kaɗai, kayan ciniki na nan. Na gwada da buƙata takwas lokaci guda da mataccen tokin, na duba rajistar sabar, sabuntawa ɗaya ta tafi. Tokin sabuntawa na mayar da shi kwana 14, maɓallin riba kuma ya ɓace daga wayar yara.

Saura guda da na gano ina cikin gwaji. Na kashe data daidai lokacin da buƙatar sabuntawa ta tafi. Sabar ta karɓa, ta soke tsohon, ta turo sabo, amsar ta mutu a hanya. Wayar na riƙe da wanda aka soke, ba ta taɓa ganin sabon ba. Data na dawowa sai ZamaYaKare, kuma laburare bai yi ƙarya ba. Kwaɗo bai magance wannan. Yaya, akwai dabara ta ɓangaren waya, ko dole sai sabar?

tsohon_injiniya_kt

Dole sai sabar, waya ba ta iya ƙirƙiro abin da bai iso mata ba. Okta da Auth0 suna da ɗan lokacin rangwame da ake saitawa, tsohon tokin ya ci gaba da karɓuwa na 'yan daƙiƙoƙi bayan an juya shi, saboda irin wannan. A naka sai ka rubuta da kanka: maimakon sokewa nan take, ka ajiye lokacin da aka juya, ka karɓi tsohon in bai wuce daƙiƙa 30 ko 60 ba. Amma ka lura, in sabis ya ɗauke na rabin awa rangwamen bai cece ka ba, yaron zai sake shiga. Tunda kayanshi na ajiye a wayar yanzu, ba asara, kalmar sirri ce kawai zai buga. Ka ce ya kwafe ta daga littafin nan ya haddace.

Ka turo mani ajin Authenticator ɗin in duba, ina so in ga inda ka saki kwaɗon. Gobe bayan la'asar ina wajen Ƙofar Ƙaura, in kana kusa ka zo da kwamfutar.